Aikin shekarar ƙarshe: in ƙera injin da hannu, ko in tsaya a zanen kwamfuta?

Sadiƙu_Domayo:
Assalamu alaikum 'yan uwa da manyanmu na wannan zaure. Ina shekarar ƙarshe a fannin ƙirar injuna a nan Marwa ta Kamaru, saura wata 5 in kare kundina. Abin da raina ke so shi ne in ƙera injin ɓarar gyaɗa, domin tun ina yaro nake ganin goggona da abokan sana'arta na ƙuli suna kwana ɓara da hannu har yatsunsu su yi kanta. Na kai wa malamin da ke duba aikina, ya ce batun ya tsufa, ɗalibai da yawa sun riga sun yi, kuma zane a manhajar SolidWorks da gwajin ƙarfi a manhajar ANSYS sun wadatar. Na je wurin mai walda ya yi mini lissafin kaya da aiki, ya kama sefa dubu 280, ni kuwa ko rabinsu ba ni da su. Rabin ajinmu a kwamfuta za su gama komai. Shin in dage sai na ƙera, ko in bi ayari? Wanda ya riga ni wucewa ta nan ya taimaka mini da shawara.

Ɗan_Gidar:
Wa alaikumus salam. Ka ƙera kawai. Injiniyan da bai taɓa jin ɗumin boris a tafin hannunsa ba, takarda kawai yake riƙe da ita.

Hadiza_Dang:
Ɗan_Gidar, wannan maganar ta yi tsauri. Ni a Ngaundare na gama, kuma ko noti ɗaya ban ɗaura ba a aikina. Na yi nazarin yadda iska mai zafi ke zagayawa cikin akwatin busar da kayan lambu, duk a kwamfuta, kuma da wannan kundin na samu aikin da nake yi yanzu. Ba kowa ke da dubu 280 ba. Wanda iyayensa suka sayar da hatsi suka biya masa haya shekara 5, kar mu sa shi ya ga kamar karatunsa bai cika ba don bai sayi ƙarfe ba.

Amma Sadiƙu, in za ka tsaya a kwamfuta, ka san ANSYS ba ya ƙin lissafi. Duk abin da ka ba shi zai fitar maka da hoto mai ja da shuɗi, ko daidai ne ko kuskure. Sai ka fara lissafin da biro, sannan ka ga ko kwamfutar ta zo kusa.

Baba_Mai_Walda:
Salamu alaikum. Ɗana ne ke rubuta mini, ni nake faɗa. Shekara 31 ina walda a Garwa, kuma duk shekara in zafi ya shigo sai ɗalibai su fara zuwa da takardu a naɗe. Ina murna da zuwansu, amma bari in gaya maka abin da ke ba mu wahala, yarona, don kar ka maimaita.

Na farko, sai yaro ya zana ƙarfen da babu shi a kasuwa. Ya rubuta suna da lamba, in tambaye shi a ina zan samo, ya ce haka ya gani cikin jerin da ke kwamfuta. Mu abin da ke gabanmu shi ne ƙarfen kwana mai mili 40 ko 50, da falle, da bututu, da tsofaffin shaf na mota, wato sandar ƙarfe mai juyawa, da sifirin da muke tsinta wurin 'yan gwangwan. Fallen da za a sayar maka a ce mili 3 ne, sa ma'auni ka gani, sau da yawa bai kai ba. Na biyu, sai a zana noti a lungun da sifana ba ta shiga. Bara wani yaro mai hankali ya kawo zanen injin sussukar dawa, kyakkyawa ƙwarai. Da muka haɗa, sai muka ga in bel ya tsinke, dole a kwance injin gaba ɗaya kafin a sa sabo. Ya zauna kan benci ya riƙe kai, ni ma na ji masa, don saura kwana 9 ya tsaya gaban malamai. Mun yanke gefe ɗaya muka yi masa ƙofa.

Shawarata: kafin ka zana layi ɗaya, ka ɗauki ma'auninka ka shiga kasuwa, ka rubuta abin da ke akwai da kuɗinsa. Sannan ka koma ka zana.

Sadiƙu_Domayo:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi na riga na faɗa cikin na farkon, don na sa ƙarfen da ba ya tsatsa a duk jikin injin.

Baba_Mai_Walda:
To ka ga inda kuɗin ya tafi. Gyaɗa da ɓawonta take shiga, ba kunu kake damawa ba. Baƙin ƙarfe ya isa, a shafa fenti a waje. Ka koma a sake lissafi.

Malam_Bello_Ngong:
Na koyar a makarantar fasaha shekaru da dama, kuma na zauna cikin kwamitin masu sauraron ɗalibai. Ina ganin kai da malaminka kuna magana ne kan abu biyu daban. Da ya ce batun ya tsufa, gaskiya ya faɗa ta fuska ɗaya: ganga mai juyawa, raga a ƙasa, fanka mai sheƙe ɓawo, kowa ya san wannan. In ka sake ƙera shi ka ce ga shi yana juyawa, ba ka yi bincike ba, kwafi ka yi. Abin da bai tsufa ba shi ne awo. Je ka tambayi masu injin ɓara a kasuwa, kashi nawa cikin ɗari na ƙwayar ke karyewa? Za su ce kaɗan. Kaɗan ba lamba ba ce.

Ga inda kundinka yake. Abu uku ke sa ƙwaya ta karye: saurin juyawar ganga, tazarar da ke tsakanin ganga da raga, da danshin gyaɗar. Wadda ta bushe ƙayau tana saurin karyewa, shi ya sa manoma ke yayyafa mata ruwa da dare kafin ɓara, wadda kuma ta yi danshi da yawa ba ta ɓaruwa. Ka ɗauki sauri iri 3, tazara iri 3, ka maimaita kowanne sau 3, gwaji 27 ke nan. In kowanne kilo 2 ne, kilo 54 ya ishe ka. Bayan kowane gwaji ka zauna da tire da sikeli ka ware lafiyayya, karyayya, da wadda ta fito ba a ɓare ba, ka auna kowace. Danshi kuma ka auna ɗan samfur, ka busar da shi a tanda har nauyinsa ya daina raguwa, ka sake aunawa. In ka zo da wannan jadawalin kan irin gyaɗar da ake nomawa a yankinmu, babu malamin da zai ce maka ya tsufa.

Kuma don wannan ba ka bukatar cikakken injin. Gangar gwaji ƙarama kan firam ta isa. Fanka da mazurari da tayoyi, ka bar su a zane.

Hadiza_Dang:
Malam, na yarda da wannan, kuma ya haɗa maganata da ta Ɗan_Gidar. Da an gaya mini haka a lokacina, da na sa ma'aunin zafi ko 4 ne cikin akwati na gaske na kwatanta da abin da kwamfuta ta ba ni. Tambayar da aka fara yi mini ranar sutunans, wato ranar kare kundi gaban malamai, ke nan, kuma ban da amsa sai ta littafi.

Abakar_Njamena:
Gaisuwa daga Cadi, ƙetaren kogin Logon. A Abeshe na yi karatu, kuma damuwarku irin tamu ce. Amma ni ta fuskar aiki zan duba. Sadiƙu, ka tambayi kanka wa zai ɗauke ka bayan ka gama. A wurinmu matatar mai ta Jarmaya, wadda ta fara aiki a 2011, da kamfanin auduga a Mundu, da na sukari kusa da Sar. A wurinku kamfanin auduga na SODECOTON, da siminti a Figil, da kamfanin shinkafa na SEMRY a Yagwa, da jirgin ƙasa a Ngaundare. Duk waɗannan ba sabon injin suke nema ka ƙirƙiro musu ba, so suke wanda suke da shi kar ya tsaya. Don haka ina ganin aikin da ya fi kai mutum ga albashi shi ne na kula da injuna: ka shiga sitaj, wato koyon aiki a kamfani, ka ɗauki injin ɗaya mai yawan lalacewa, ka bi tarihinsa, ka gano dalili. Kuɗin ƙarfe ma ba ka kashewa.

Injiniya_Rumde:
Abakar ya taɓo inda nake. Shekara 12 ina gyara a wata masana'anta, ba zan kira suna ba. Akwai wata fanka mai jan ƙura da ke cinye boris duk wata biyu. An canza kamfanin boris, an canza giris, an zargi yaran dare da sakaci har an sallami ɗaya. Wata ɗaliba 'yar sitaj ce ta gano. Ta nemi a kwance shaf ɗin, ta auna mazaunin boris da ma'auni mai kyau a wuri uku, sai ga shi ya cinye, boris yana rawa a kai maimakon ya kama. An taɓa yi masa ciko da walda aka feƙe da ido. Aka kai wurin mai tur, injin feƙe ƙarfe, ya yi sabo daidai awo, fankar ta shekara ba a taɓa ta ba. Wannan shi ne kundinta gaba ɗaya, shaf guda. Har yau ina tuna yaron da aka kora, don bai yi laifin komai ba.

Amma ban yarda ya bar gyaɗarsa ba, Abakar. Wanda ya taɓa zana abu, ya ƙera, ya ga inda ya karye, shi ne ke gane ciwon injin wani. Kuma kamfanonin da ka lissafa, mutum nawa suke ɗauka a shekara? Ga Jami'ar Marwa tun 2008, ga ta Garwa an ƙara a 2022, ga Ngaundare, duk suna yaye yara. Dole wasu su buɗe nasu wurin.

Abakar_Njamena:
Buɗe wuri da wane jari, yaya? Injin tur ko na hannu ne ka san kuɗinsa. Ni ina magana ne kan abin da na gani: cikin waɗanda muka gama tare, masu cin abinci da karatun nan kusan duk gyara suke yi, famfon burtsatse da janareta da firjin ajiye magani.

Ummi_Kusuri:
Tambaya daga gefe, ku yi haƙuri. Me ake nufi da boris? Mu nan rulma muke cewa.

Ɗan_Gidar:
Abu ɗaya ne, 'yar uwa. Masu sayo kaya daga Mubi da Kano su ce boris, masu sayowa daga Duwala su ce rulma. Lambar da ke jiki ita ce ba ta canzawa. In ka ce 6205, ko a ina kake za a ba ka mai rami mili 25, faɗi 52, kauri 15. Sadiƙu, shi za ka sa, ana samunsa ko'ina, har da gidansa mai ƙafa biyu da ake ɗaurewa da noti. Injin lantarki yana juya 1500 a minti, ka sa ƙaramin fuli, wilin da bel ke hawa, ka rage.

Injiniya_Rumde:
Ɗan gyara kaɗan. 1500 lissafin maganaɗisu ne a wutarmu mai zagaye 50 a daƙiƙa, ga injin mai kan maganaɗisu 4. In ya ɗauki kaya yana sauka wajen 1450, ka duba farantin da ke jikinsa. Da fuli mai mili 80 a kan injin, in babban 500 ne za ka samu 232, in 400 ne 290, in 315 ne wajen 368. Ga saurinka iri uku da Malam Bello ya ce, ba tare da ka sayi na'urar canza sauri ba. Kar ka ƙanƙanta ƙaramin fulin fiye da haka, bel zai riƙa santsi ya kuma mutu da wuri.

Shaf kuwa, mu ce injin mai kilowat 2.2 ne, wanda ake kira doki 3. A juyi 290 ƙarfin murɗa zai kai wajen 72 a ma'aunin Niyuton-mita, kuma a shaf mai mili 25 matsin da wannan zai sa wa ƙarfen bai kai megafaskal 24 ba, ƙarfe ko ji ba zai yi ba. Ɗalibai suna tsayawa a nan su ce shaf ya wuce. Ba murɗa ke karya shi ba. Jan bel ne ke lanƙwasa shi, kuma da yake juyawa yake, kowane gefe yana miƙewa yana matsewa sau 290 a minti, har ƙarfen ya gaji ya tsage daga ramin ki, ɗan ƙarfen da ke kulle fuli da shaf, ko daga inda kauri ya canza da kaifin kwana. Ka matso da fuli kusa da boris, ka sa mai tur ya zagaye kwanar, ka yi lissafin gajiyar ƙarfe a kundin.

Sadiƙu_Domayo:
Injiniya, na kwafe wannan duka. Tambaya: in shaf ɗin tsohon na mota ne kamar yadda Baba ya ce, wace lamba zan sa a lissafi tunda ban san irin ƙarfen ba?

Baba_Mai_Walda:
Mu da tartsatsi muke ganewa. Ka ɗora shi kan dutsen wasa: mai laushi tartsatsinsa dogo ne ba reshe, mai tauri yana fashewa kamar tauraro. Amma mai tauri ba ya son walda, yana tsagewa a gefen ɗinkin. Kar ka ce a manna ganga a jikinsa da wuta, a ɗaure da ki da noti.

Malam_Bello_Ngong:
Ka rubuta gaskiya: ƙarfen tsince ne, an gwada shi da tartsatsi, in akwai na'urar auna tauri a makarantarku ka gwada da ita, sannan ka yi lissafi da lambar ƙarfe mai laushi irin S235 don ka tsaya a ɓangaren aminci. Abin da ba na yafewa shi ne ɗalibi ya rubuta C45, lambar ƙarfe mai tauri, a kundi alhali bai san abin da ke hannunsa ba. Yau maki ne, gobe sa hannunka ne a kan takardar abin da mutane za su tsaya a ƙarƙashinsa.

Maman_Iliya:
Ni ba injiniya ba ce, ƙanena ne ya sa ni cikin zauren nan. Tun ɗazu ina karantawa ban ga wanda ya yi maganar murfin bel ba. Ɗiyar maƙwabciyata, shekararta 9, an aike ta niƙa. Ta sunkuya ɗaukar roba, bel ya kama gefen hijabinta. Allah ya sa mai injin yana kusa ya kashe, amma hannun da ta kare da shi ya rasa yatsa biyu. Ni na riƙe ta a bayan babur zuwa asibiti, hijabin yana naɗe a hannun. Sadiƙu, ka ce don goggonka kake yi. Mata za su tsaya gaban injin nan da mayafi da zane, yara suna zagaye. Don Allah ko me za ka rage saboda kuɗi, kar ka rage murfin.

Injiniya_Rumde:
Allah ya ba ta lafiya. Maman Iliya ta faɗi abin da ya kamata mu masu sana'ar mu fara faɗa. Murfin raga a kan bel da fuli, wuyan mazurari ya yi tsawon da hannu ba zai kai ganga ba, makunnin kashewa a inda mai aiki yake tsaye. Ko a gangar gwajin ma ka sa, kai ma hannu gare ka. Kuma murfin ya zama mai sauƙin mayarwa, don wanda ke da noti 8 ranar farko da aka canza bel ake jingine shi a bango.

Sadiƙu_Domayo:
Amin. Na sa shi cikin zane daren jiya, Mama.

Ga inda aka kwana. Na koma wurin mai walda da baƙin ƙarfe da gangar gwaji kawai, lissafi ya sauko dubu 95 ban da injin lantarki, shi kuma wani mai niƙa a unguwarmu ya ce zai ara mini nasa na ajiya. Na kai wa malamina jadawalin gwaji 27 ɗin. Ya daɗe yana dubawa, ya ce wannan magana ce, amma sai na haɗa da gwajin shaf a kwamfuta na kwatanta da lissafin hannu. Sai dai na je wurin goggo da murna, ta tare ni da tambaya: in babu wuta fa? Ta ce ita mai juyawa da hannu take so.

Ɗan_Gidar:
Goggo ta fi mu gaskiya. Arewacin Kamaru gaba ɗaya ya daɗe yana rataye a madatsar Lagdo, megawat 72 tun 1982, kuma in ruwa ya ja baya da rani kowa ya san abin da ke biyowa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage zafi, amma ƙauyukan da ake noman gyaɗar da yawansu ko turken wuta babu. Ka yi na hannu.

Abakar_Njamena:
Na hannu ba zai ba shi sauri tsayayye ba, gwajin Malam Bello ya rushe ke nan. Hannun mutum a minti na farko daban, a na goma daban.

Hadiza_Dang:
Ya yi gwajin da lantarki don lambobi su tsaya, sannan ya bar bakin shaf ɗin yadda zai karɓi mariƙin hannu ko ƙaramin injin fetur. Sai dai hannu ba zai kai juyi 232 ba sai da sarƙa da haƙora irin na keke, kuma ban tabbata ganga mai juyawa ce ta dace da hannu ba. Masu ɓara na hannu da na gani a kasuwa lilo suke yi, gaba da baya a kan raga. Wannan wani injin ne daban, wata 5 kuma ba ta ɗaukar biyu.

Malam_Bello_Ngong:
Ɗaya zai yi. Wanda ya raba hankali biyu a watan Maris, a Yuli ba shi da ko ɗaya.

Injiniya_Rumde:
Malam, a nan na saba da kai kaɗan. In wadda aka yi don ita ta ce ba za ta iya amfani da shi ba, me aka ƙera? Zanen injin daga bakin mai amfani yake farawa. Da ni ne, na lilon zan auna, in sauya tazara da girman ramin raga da danshi, in bar sauri.

Alhaji_Sale_Pitowa:
Ni manomi ne kuma ina sayar da gyaɗa, yarana ne 'yan boko. Abu ɗaya zan ƙara muku. Mai ƙuli ba ta damu ƙwarai da karyayya ba, tunda niƙawa za ta yi, in dai ba za a ajiye ta daɗe ba, don karyayya ita ke fara yin fumfuna da ɗaci a buhu. Mu masu ajiye iri mu ne ke kuka. Ƙwayar da injin ya daka, ko ba ta rabe biyu ba, in jar fatar ta kwaile ko cikin ya girgiza, sai ka shuka ka ga gurbi babu tsiro. Shi ya sa har gobe iri da hannu muke ɓarewa, mata da yara, kwana da kwanaki kafin ruwan farko. Yarona, cikin tirenka na lafiyayya, za ka iya ɗibar ɗari-ɗari ka shuka a yashi mai danshi ka ƙirga nawa suka fito? In ka samo tazarar da iri ke tsira, ni zan fara saye, na wuta ne ko na hannu.

Sadiƙu_Domayo:
Alhaji, wannan bai taɓa zuwa raina ba. Kwana nawa take yi kafin ta tsiro, don in ga ko zai shiga lokacina? Kuma wace iri kuke shukawa a wajenku, mai ƙananan ƙwaya ko manya? Don ramin raga da girman ƙwaya yake tafiya, ban sa a huda ba tukuna.

Alhaji_Sale_Pitowa:
Da zafin nan mako guda ka ga kai, kwana 10 ka gama ƙirga. Iri biyu gare ni, kuma ba girmansu ɗaya ba. Sai dai sabuwar cira wata ba ta tsirowa nan da nan sai ta huta, don haka ta bara zan ba ka. Kar ka huda ragar sai ka gani da idonka. Ranar Lahadi kasuwarmu ke ci, in za ka iya shigowa mota ka zo da ma'aunin naka, ko in ba direba kwano biyu-biyu ya sauke maka a tasha.